Kujeru Shida a Ajin Malama Saffana

"Haɗa mani jakunkunan ɗiyana, Malama. Daga yau sun bar wagga lakwal!"

Saffana ta juyo daga jikin allo. Hajiya Mariama ce tsaye a ƙofar aji, mai babban shagon atamfa a ginin Tianxiu da ke Guangzhou, ƙasar Sin, kuma yayar Harouna, mutumin Maraɗin da ya shafe wata takwas yana neman auren Saffana.

"Hajiya, lafiya? Me suka yi?"

"Ke kika yi! Surayya ta faɗa mani komi. Ashe bashi ya koro ki daga Kano, kike son ƙanena shi zama bankinki!"

Surayya! 'Yar aminiyar Hajiya, wadda aka daɗe ana yi wa Harouna tallarta yana kau da kai. Ita Saffana ta taɓa buɗe wa cikinta a kan kofin shayi, don a ganinta duk mai yi maka murmushi a ƙasar Sin ɗan'uwa ne.

Hajiya ta ja 'ya'yanta uku. Kafin la'asar wasu iyaye mata sun bi sahu da uku. Ajin 'ya'yan 'yan kasuwa ya koma mutum tara, Saffana ta zauna gaban kujeru shidan da aka bari ba kowa, ta yi kuka har ta gode Allah.

Ba albashi take wa kuka ba. Da bashin wani asusun karatu na Kano ta yi digiri, Abbanta ne ya tsaya mata, kuma sai da ya sa hannu ya gane akwai kuɗin ruwa a ciki. Tun ranar tsohon nan bai sake samun sukuni ba. Ƙofa ɗaya asusun ya bari: in ta koyar shekara biyu cur, gida ko waje, yara ko manya, ajin bai gaza goma sha biyar ba, za a yafe ruwan. Zango ɗaya ya rage mata, wata uku tak. Ranar Litinin jami'ar asusun za ta kira ta bidiyo ta ƙirga ɗalibai.

A haka Harouna ya same ta, ya taso daga kasuwar takalma ta Zhanxi, rigarsa na warin sabuwar fata.

"Malamata... wa ya taɓa mani ke?"

"Ka tambayi Yayarka."

"Na ji komi. Nawa ne? Yanzu in tura, a gama!"

"Harouna, ba ka gane ba."

"Mi ne ban gane ba? Kuɗi ne, ina da su!"

"In ka biya, riba aka biya, kuma da sunan Abbana! Kullum sai ya ce mini, Saffana, kar ki bari in shiga kabari da wannan abu a wuyana... Yafewa nake so, ba biya ba."

Ya dubi kujerun nan shida. Mutumin da ya saba kuɗi na buɗe masa kowace ƙofa, yau an ce ya mayar da su aljihu.

"Ba kin taɓa ce mani asusun ya yarda ko manya ne a ajin ba?"

Ta yi dariya cikin hawaye.

"Wane Alhaji ne zai bar kwantenarsa ya zo ya zauna a kujerar yara? Ka tafi, don Allah. Ka bi maganar Yayarka."

Ya juya ya tafi. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, ko saƙon murya ɗaya, shi da a rana yakan turo ashirin. Ta ce wa zuciyarta ai ita ta kore shi. Zuciyar ba ta saurare ta ba.

Ranar Litinin ta hau bene. Tun daga tsani ta ji hayaniya, da ƙamshin turare irin na manya. Mai gadin ginin, tsohon Basine, ya tare ta ido waje.

"Lawban, lawban!" yake faɗi yana nuna sama, wato manyan iyayen gida sun cika wurin.

Ta tura ƙofa.

Ta tsaya cak.

Subhanallahi!

Alhazai ne. Alhazai na gaske, masu shadda da tumbi da agogon azurfa, kowa ya lanƙwashe a kujerar da aka yi wa ɗan shekara bakwai, gwiwa na neman taɓa haɓa. Ga Alhaji Isufu na Kantin Kwari, wanda ke loda kwantena huɗu daga kasuwar Shahe a tafiya ɗaya, riƙe da fensir kamar ya riƙe kunama. Kujeru shida sun cika, wasu biyar na tsaye jikin bango. A sahun gaba Harouna ne, kansa a ƙasa.

"Malama, ina kwana!" suka haɗa baki, yara tara na ƙyalƙyalar dariya.

"Me... me ke faruwa?"

"Wannan yaron ne ya tona mana asiri," in ji Alhaji Isufu. "Jiya a gidan abinci ya miƙe gaban kowa, ya ce shi Harouna, duk dukiyar nan, bai iya karanta sunansa ba. Ya ce wanda duk ya iya karanta takardar kayan da ya sa wa hannu a makon nan, ya ɗaga hannu. Wallahi, Malama, sai kowa ya shiga duba tuwonsa!"

Saffana ta dubi Harouna. Sai yanzu ta gane saƙonnin muryar nan da ba sa ƙarewa, da yadda yakan miƙo mata waya ya ce idonsa na ciwo. Da murya da kalkuleta ya gina kasuwancinsa daga Maraɗi har Guangzhou, ba wanda ya sani sai 'yan gidansu.

"Shekara bakwai gare ni aka fidda ni lakwal," ya ce a hankali. "Baba ya rasu, sai na ɗauki tallar takalmi. Ina tsoron ki sani ki raina ni, Malamata."

"In raina ka?"

A ranta kuwa ba ta taɓa ganin namiji mai girmansa ba, yana zaune a kujerar da ba ta kai gwiwarsa ba.

Wayarta ta yi ƙara. Jami'ar asusun ta leƙo ta fuskar waya, ta ƙirga, ta cire tabarau, ta sake ƙirgawa.

"Ashirin? Malama Saffana, ba na son wasan kwaikwayo fa. Duk mako zan kira ba sanarwa."

"Ki kira kullum, Hajiya!" Alhaji Isufu ya ce. "Sau uku ana aiko mini kayan da ban saya ba, in ce ina nawa, a ce meyo, babu, ga sa hannuna. Ni na zo ke nan!"

Suka kuwa zauna. Ba duka ba, uku sun gudu tun a makon farko, karatu ba ciniki ba ne. Amma takwas suka dage, safe kafin kasuwa ta buɗe. Wata rana Hajiya Mariama ta zo da niyyar jan kunnen ƙanenta, ta tarar da shi a allo yana rubuta sunan mahaifiyarsu, harafi bayan harafi. Ta daɗe a bakin ƙofa.

"Ni na yi karatu da kuɗin tallarshi," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ki gafarce ni, ƙanwata. Gobe yara na tafe."

Surayya dai ba a sake jin duriyarta a zancen ba.

Ranar da takardar asusun ta iso, Saffana ta kira Kano, ta buɗe lasifikar waya, ta miƙa wa Harouna takardar.

"Abba, saurara."

Ya sa yatsa a layin. Gumi ya karyo masa.

"An... ya... yafe... kuɗin ru... ruwa... ba... baki ɗaya."

Sai sautin kukan tsoho, da Alhamdulillahi da ba ta ƙarewa.

"Saffana, wane ne wannan mai karatu da ƙyar haka?"

"Ɗalibina ne, Abba..."

"Wanda kika ce ya tara miki Alhazai?"

"Shi ne."

"Yaro, kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Ka sauke mini abin da na kasa saukewa. Ka turo magabatanka ranar Juma'a, na ba ka ita."

Harouna ya kifa kansa a kan ɗan teburin nan na yara, kafaɗunsa na girgiza. Saffana ta tsaya a kansa, hannu a baki, ta kasa ko ƙifta ido.