Ɗinkin Ƙarshe

Kwana tara ke nan da iska ta ɗauke. Ƙaramin jirgin ruwan yaƙin, mai tafiya da iska, ya tsaya cik a cikin hazo, ruwan sha ya ƙare. Tun ranar da suka jefa gawar Jory a teku abin ya fara.

Obadiah, maɗinkin jirgin, shi kaɗai ya san dalili. A al'adarsu, idan an ɗinke mamaci cikin shimfiɗarsa, an ɗaura masa harsashen igwa biyu a ƙafa, dole allurar ƙarshe ta ratsa hancinsa don kada ya biyo jirgi. Jory aminin Obadiah ne, sai hannunsa ya ƙi soka wannan allurar.

Daren nan yana gadi ya ji ƙarar dutsen washi. Wani ne ke wasa takobi, alhali ba a taɓa takubba sai kyaftin ya ce yaƙi.

"Kai, wane ɗan iska ne?" in ji Obadiah. "Bulala kake nema?"

"Haba tsoho, zo ka juya min dutsen mana. Hannuna ya yi sanyi."

Muryar kamar ta mai magana da ruwa a baki. Warin laka ya cika wurin. Mutumin ya tako, abubuwa biyu masu nauyi suna gungurowa a bayansa kan katako.

"Da wa za ka yi yaƙi? Babu kowa a tekun nan sai mu."

"Na sani."

Obadiah ya ɗaga fitila. Ɗinkin da ke wuyan mutumin nasa ne, ya gane zarensa. Hancin kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.