Ƙayar da Ke Kan Hular Zubair

A shagon kawunta Lado, nan Ƙofar Kaura, Sa'adiya ta fara ganin Zubair. Ta kawo hulunan da ta ɗinka, shi kuwa yana zane a takarda.

"Malam, wane irin fure ne wannan?"

Ya yi dariya. "Ƙayar jikin ƙwayar korona ce, a kanta nake bincike a jami'a. Kamar makulli take, da ita ƙwayar ke buɗe ƙofar jikin mutum. Ƙwayar cutar SARS da ta korona ƙofarsu ɗaya, ta cutar da ake ɗauka daga raƙuma tata daban."

Korona ce ta ɗauke mahaifinta, amma ba ta faɗa masa ba.

So ba ya shawara. Wata shida yana kiranta Sadiyata, har ta ɗinka masa hula da zanen nan, ƙanana, sai ka rantse furanni ne.

Ranar da ya je gaida mahaifiyarta, Hajiya ta dubi hular. "Aikin Sa'adiya ne, amma mi ne ne zanen?"

Kai, Zubair, bakinka! Ya gyara zama ya zuba bayani tiryan-tiryan.

Hajiya ta miƙe. "Abin da ya kashe Malam, mahaifinta, ko gawarsa ba a bar mu mun gani ba, shi ka ɗoro a ka? Fita!"

Ya tura saƙo: "Sadiyata, wallahi ban sani ba. Ki yafe ni."

"Laifina ne, Nawa. Tsoro na ji kada ka ga na tsani aikinka."

Wata uku Hajiya ta hana a ambaci sunansa. Sa'adiya ta rame, ta ajiye allura. Sai da Kawu Lado ya sa baki aka kira Zubair.

"Ni na fara tari," Hajiya ta ce. "Ni na sa wa Malam cutar?"

"Babu likitan da zai tabbatar da haka, Hajiya. Ƙayar ba ta zaɓe, ƙofar nan kowa yana da ita. Gari duk ya ɗauka a lokacin."

Ta yi kukan da ta shekara huɗu tana haɗiyewa.

Bayan Sallah aka ɗaura aure, Kawu Lado ne waliyyi. Hajiya ta riƙe hannun amarya ta ce, "Allah ya yi maku albarka. Zubair, kai kaɗai na iya yi wa tambayar nan. Ka riƙe mani ita."