Sabuwar Motar da Ta Tsufa a Kwana Ɗaya

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Alhamis wata mata ta kira ofishin 'yan sanda daga kamfanin sayar da motoci na babban titi. Ta ce ta biya kuɗin sabuwar mota, ta zo ɗauka, an miƙa mata tsohuwa.

Sufeto ya ɗauki Saje suka tafi a motarsa, wadda sai an tallafi ƙofar direba da gwiwa kafin ta rufu. Da suka isa, ya ajiye ta can gefe, nesa da gilashin kamfanin.

Motar da ake magana a kanta tana tsaye a rumfar bayarwa. Fara ce, babu lamba a jikinta, kujerunta lulluɓe da leda. Mutum huɗu ne kewaye da ita: matar da ta yi kira, wadda malamar lissafi ce a makarantar sakandare, yayanta mai ƙiba da agogon zinariya, Manajan kamfanin, sai wani dogon ma'aikaci da kowa ke kira Dogo, wanda shi ya sayar da motar.

"Me ya sa kika ce tsohuwa ce, Malama?" in ji Sufeto.

Ta nuna masa mitar tafiya: kilomita dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu. Sannan ta buɗe wayarta ta nuna masa hoton da ta ɗauka ranar Talata, ranar da aka gama ciniki. A hoton, mitar tana kan kilomita tara.

"Ai na faɗa mata," in ji yayan. "Yallaɓai, shekara ashirin ina ciniki. A danginmu Sarkin Tayi ake ce min, tambayi kowa. Tun da ta faɗi farashin na ce mata akwai abin da ke ƙasa. Wa zai ba ki sabuwar mota a haka? Ga shi nan."

"Yaya, ka bari ya yi aikinsa."

"Ni dai na faɗa."

Manaja ya matso yana goge wuya da hankici. "Yallaɓai, kamfaninmu ba ya irin wannan. Wanda ya karya farashi shi ya san yadda zai cike giɓin. Ga shi nan tsaye. Ku tafi da shi, ni kuma daga yau na sallame shi."



"Ba wanda zai tafi ko'ina tukuna," in ji Sufeto. "A kawo min fayil ɗin motar, in gwada lambar jikinta."

"Mai rajista ya tafi asibiti da makullin kabad. Sai ƙarfe biyu."

Sufeto ya zaga motar a hankali. A baya ya durƙusa. Ramuka biyun da ake ɗaura lamba sun ɗan faɗaɗa, kuma fenti ya goge a kewayensu, da'ira biyu kamar an dangwala kwabo. Ya kira Saje da yatsa.

"Motar da ba a taɓa ɗaura wa lamba ba, me ya ci mata fenti a nan?"

Saje ya rubuta.

A ofishin Manaja aka ba Sufeto kujera, ya fara da Malama.

"Ragin nawa aka yi miki?"

"Kashi goma sha biyu cikin ɗari. Da sabis na shekara ɗaya kyauta."

Biron Sufeto ya tsaya. Shi da ya sayi tsohuwa, ko kuɗin batir ba a rage masa ba.

"Kin san wani a nan ne?"

"Ban san kowa ba. Kamfani uku na je, kowanne na ce ya rubuta min farashinsa a takarda. Sai na jira ranar ƙarshe ta wata, ƙarfe huɗu na yamma. A lokacin suke neman cike adadin motocin da aka ɗora musu. Na ajiye takardun a kan tebur, na faɗi abin da zan biya, na yi shiru."

"Shi ke nan?"

"Na miƙe sau biyu. A na biyun har na kai bakin ƙofa."

"Wa kika ba labarin ragin?"

"'Yan gidanmu, a daren Talata muna cin abinci wajen Mama. Ƙannenmu suka yi ta tsokana, wai a sauke Yaya daga sarauta a naɗa ni."

"Shi ya yi dariya?"

"Ya ce abincin ya yi gishiri."

Manaja ne na biyu. Ya rantse bai san da ragin ba sai yau da safe. Sufeto ya jawo takardar cinikin daga hannun Malama, ya juya masa ita.

"Wannan sa hannun na wane ne?"

Manaja ya daɗe yana kallon takardar.

"Nawa ne. Mota ɗaya ta rage mana mu cika adadi. Amma yallaɓai ka duba, shekara goma sha ɗaya ina nan, ban taɓa samun takardar yabo daga hedikwata ba. Shi Dogo ya zo bara, wannan watan sunansa za a liƙa a bango."

"Wannan ba laifi ba ne. Ka tafi."

Dogo ya shigo ya zauna a bakin kujera.

"Ina makullin motar ya wuni jiya Laraba?"

"A durowata, yallaɓai. A kulle."

"Tun safe har yamma?"

"Har yamma."

"To wa ya wanke ta?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Motar da za a bayar gobe ana wanke ta yau, ko ba haka ba ne? Kana so in yarda an wanke cikinta ta taga?"

"Na ba mai wanki da safe."

"Ya dawo maka da shi yaushe?"

"Ba ya dawowa da shi. In ya gama, sai ya ɗora a kan tayar gaba, in je in ɗauka in na samu sarari. Haka muke yi. Manaja ya hana, shi ya sa ban faɗa ba. Yallaɓai, matata ta kusa haihuwa. In aka kore ni da sunan zamba, babu kamfanin da zai sake ɗauka ta."

"Wa ya san da zancen tayar?"

"Mu ma'aikata. Sai kuma duk wanda ya taɓa sayen mota a nan, domin a gabansa nake sunkuyawa in ɗauko."

"Yayan Malama ya taɓa saye?"

"Irin wannan ɗin sak, fara, wata uku da suka wuce. Ni na sayar masa." Dogo ya ɗan saki fuska. "Ya wuni yana buga tebur, yana cewa shi ba a cutarsa. Tun da ya shigo ya ce launin ya yi masa, na san ba zai fita ba. Kashi uku na rage masa, na ƙara masa da lema."

Sufeto ya koma rumfar bayarwa ya buɗe ƙofar direba. Ledar sauran kujerun tana nan sumul. Ta kujerar direba kuwa ta yi taushi, ta yamutse, kuma a gefen da ake zamewa a fita ta yage. An liƙe yagewar da salatif, an sake liƙewa a kan na farko.

Ya gane irin hannun. Ba ɗan kamfani ne zai yi wannan ba. Wannan aikin mutumin da ya ƙi cire leda ne wata da watanni, don kowa ya leƙa ya ga sabuwa ce.

Maigadi yana zaune a ɗakinsa na bakin ƙofa da babban littafi. Tsoho ne, ya ce shi fuska ba ta dame shi ba, lamba yake rubutawa.

"Jiya farar mota irin waccan ta shigo?"

Ya bi layi da yatsa. "Ɗaya. Sha ɗaya da minti biyar, wai sabis. Ta fita sha biyu da rabi."

"Mota marar lamba ta fita?"

"Ko ɗaya. Ba na barin marar lamba sai da takardar Manaja."

Sufeto ya kwafi lambar, ya leƙa sashen gyara. Babban makaniki ya tuna motar sarai.

"Mai ita ya zo, amma bai bari mun taɓa ta ba. Ya ce layi ya yi yawa, zai ajiye ta a inuwa bayan wurin wanki ya jira. Da muka dawo daga cin abinci, ya tafi. Sai da ya ari sukundireba ma, har yanzu bai dawo da ita ba."

Sarkin Tayi yana zaune a ɗakin jira, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa wani mai neman mota bayanin yadda ake tayi. Sufeto ya roƙe shi ya biyo shi rumfa. Malama, Manaja da Dogo suka biyo baya.

"Yaushe rabonka da nan?"

"Tun ranar da na ɗauki tawa."

"Ina take yau?"

"Uwargida ta fita da ita."

Malama ta juyo. "Anti ta fara tuƙi ne, Yaya? Kai da ko makulli ba ka bari ta riƙe."

"Direba na samo mata."

"Wayarka tana jikinka?" in ji Sufeto.

"Tana nan. Me ya faru?"

"Ba komai. Ka tsaya nan kusa da ƙofa."

Sufeto ya zauna a kan ledar da aka liƙe, ya tayar da motar. Allon rediyo ya kawo haske. Ya ɗan yi juyi yana neman wayar da aka saba haɗa shi da ita, sai ya yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito da manyan baƙaƙe: SARKIN TAYI. Wayar da ke aljihun yayan ta amsa da tata ƙarar.



"Mota ba ta gane wayar baƙo," in ji Sufeto. "Wannan ta san ka. Jiya ka shigo da ita sha ɗaya da minti biyar. Ka jira aka tafi cin abinci, ka kwance lambarka ka ɗaura wa sabuwar, ka ɗauki makulli a kan taya, ka ajiye naka a wurinsa. Maigadi ya ga lambar da ya rubuta ta fita, bai zargi komai ba. Ƙarfe biyu fayil zai faɗi sauran. Ina motar ƙanwarka?"

Mutumin ya dubi agogonsa kamar amsar tana ciki. Sannan ya jingina da bango.

"Tana garejina. Na rufe ta da tamfol. Ko ƙwarzane babu."

"Sayarwa za ka yi?"

"Ni? Allah ya kiyaye. So nake ta ga mitar ta fasa cinikin. In an mayar mata da kuɗinta, sai in dawo da motar yadda na ɗauka."

"Shi kuma wannan?" Sufeto ya nuna Dogo. "Da yau a tsare zai kwana a bayan kanta."

"Ban yi tunaninsa ba."

Ya juya ga ƙanwarsa, muryarsa ta sauka. "Ni na saya miki kekenki na farko. Duk wanda zai sayi ko firiji a gidanmu, ni yake kira. Sai ki je ke kaɗai, ba ki ko tambaye ni ba, ki zauna ki yi shiru a ba ki kashi goma sha biyu. Ni lema aka ba ni. A gaban Mama suka ce a naɗa ki."

"Da ka tambaye ni, Yaya, da na nuna maka takardun."

"Abin da ba zan iya ba ke nan."

Saje ya ciro ankwa. Malama ta ce don Allah a bar ta, ba zai gudu ba. Sufeto ya gyaɗa kai, Saje ya mayar da ita ƙugu. Sannan Sufeto ya dubi Manaja.

"Ma'aikacinka ba shi da laifi sai na makulli a kan taya. Sallamar tana nan?"

"Wace sallama? Magana ce ta ɓacin rai."

Dogo ya zauna a kan bokitin mai wanki, ya rufe fuska da tafin hannu.

Malama tana tsaye inda take, tana kallon yayanta ana tafiya da shi. Manaja ya matso kusa da ita yana murza hannu. Ya ce kamfani ya ji kunyar abin da ya faru, za a ɗauko motarta yanzu a sake wanke ta, kuma za a ƙara mata shimfiɗun ƙafa kyauta.

Ba ta ce komai ba. Ba ta ma ji shi ba.

Manaja ya dubi fuskarta, ya tuna ranar Talata. Ya ce to, da sabis na shekara ta biyu. Ta ci gaba da shiru. Ya ce da cikakken tankin mai.

Sufeto ya tallafi ƙofar motarsa da gwiwa, Saje ya buɗe ta baya. Sarkin Tayi ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya tsaya, ya karkata kunne wajen rumfar.

"Yallaɓai," in ji shi a hankali, "shekara biyu na ji ya ce?"

"Shiga," in ji Sufeto.