Akushin Baba Labo

Motar soja ce ta yi zafi a gangaren Badaguishiri, ita ta haɗa su. Sajo direban soja ya taso daga barikin Ƙonni zai kai kaya garin Tawa, sai ya ga tururi na tashi daga gaban mota. Ya tsaya gefen hanya, ya ɗauki galan, ya gangara cikin garake neman rijiya. Lokacin sanyi ne, kwarin duk ya yi kore shar da albasa.

A rijiyar farko ya tarar da wata budurwa tana jan guga, sunanta Awa. Ya yi sallama da Hausarsa mai ƙamshin Fulatanci, ya roƙi ruwa. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce ruwan garkarsu na albasa ne, ba ta taɓa jin yana yi wa ƙarfe magani ba. Tana faɗa kuwa tana cika masa galan.

Daga ranar motar nan ta koyi yin zafi a wuri ɗaya. Makanikan bariki sun kwance ta sun ɗaura, ba su ga ciwon komai ba.

"Wai motar taku ba ta shan ruwan Ƙonni?" in ji Awa wata rana.

"Ta ɗanɗani naki, Mai Guga. Ta ce ba ta son wani."

"To, mun ji ta mota. Kai hwa, Bahillace?"

Sajo ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da takalmi. Ɗan makiyaya ne daga wajen Alela, fari ya cinye shanun ubansa, shi ya sa ya shiga soja. Kaki bai cire masa kunya ba ko kaɗan. Abin da bakinsa ya kasa faɗa a bakin rijiya, kaset ya ɗauka ya zuba a ciki, ya ba wani direban kasuwa ya kawo mata. Ta ari rediyon matar wanta, ta shige ɗaki ta rage murya.

"Mai Guga, ni na, Sajo. Ban iya magana gabanki, shi ya sa. Mota lahiyarta lau, ni ka zahi. In kin yarda, in turo baffana gidanku. In ba ki yarda ba, ki shahe kaset ɗin ki sa waƙa, kar shi lalace banza."

Ba ta shafe ba. Ta juya bayansa ta ɗauki tata amsar, gajeriya: "Bahillacena, turo shi. Amma ka san ubana."

Kowa a Badaguishiri ya san Baba Labo, uban Awa, da abu biyu. Na farko, tsohon sojan Faransa ne, yana saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin Aljeriya. Na biyu, tun da ya dawo nama bai sake shiga bakinsa ba. Ranar layya yakan sayi ragonsa kamar kowa, ya miƙa wa maƙwabci wuƙa, shi kuwa ya tafi garka, ba ya dawowa sai ƙamshin suya ya lafa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili, don kowa ya sani.

Baffa Jaje ya zo da goro. Labo ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, suka gaisa har da tambayar shanun da suka rage. Sannan Labo ya tura masa goronsa a hankali.

"Ba yaron nika ƙi ba," ya ce. "Kakin nika ƙi. Hannun soja ba nashi na ba. In anka ce harba, harbi za shi yi, ya dawo gida ɗiyata ta kwana da abin da ya gani."

Bai tilasta wa Awa kowa ba, wannan kam sai a yaba masa. Ya dai riƙa ambaton Alkasum, dillalin albasa mai kai kaya Abijan, yana cewa ga mutumin da makaminsa buhu ne. Alkasum ya zo zance da turare da agogo, Awa ta gaishe shi da ladabi, ta ce masa kada ya ɓata takalminsa, zuciyarta ba ta gida. Mutumin kirki ne, bai sake zuwa ba. Aka zauna haka: uba bai bayar ba, ɗiya ba ta sake ba, kaset na kaiwa yana komowa.

Ƙarshen shekarar 1985 rediyo ya kawo labarin Mali da Burkina sun kama yaƙi a kan wani zirin ƙasa da ke kan iyakarsu. Aka yi kwanaki ana ɓarin wuta, har da jiragen sama. Ƙasashen maƙwabta suka shiga tsakani, aka tsagaita wuta, aka ce za a tura hafsoshi daga ƙasashe daban-daban su tsaya su ga kowa ya ja da baya. Mutanen wurin galibi makiyaya ne, don haka ana neman direba mai jin Fulatanci. Sunan Sajo ya fito.

Kafin labarin ya iso kasuwar Badaguishiri ya riga ya zama "an kai Sajo yaƙin Mali". Ba laifinsu ba ne. Tun kaka da kakanni ba wanda ya taɓa jin an tura soja fagen yaƙi don kada a yi yaƙi. Kaset ɗinsa ya iso bayan ya tafi, Awa ta kunna wa mahaifiyarta, Inna Fatuma.

"Mai Guga, kar ki ji tsoro. Ba hwaɗa za mu ba, rabon hwaɗa za mu. Ko bindiga ba a ba ni ba. Ki riƙe mini ruwana, ina dawowa."

Ashe Labo na zaure yana ji. Ya leƙo, bai ɗaga murya ba. "Mu ma haka anka ce muna," ya ce. "Wai kwantar da hankalin ƙasa za mu."

Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Awa ta yi kuka ranar, don tana son Sajo, kuma ta san ubanta ba ya ƙarya.

Da zafi ya fara shigowa Sajo ya dawo, ya rame ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa. Abin mamaki, Labo da kansa ya aika a kira shi. Ya kuma ce wa Inna Fatuma ta dafa nama ta cika akushi, ta kawo zaure. Ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba, ta dai je ta dafa.

Labo yana da ma'auninsa, wanda ya auna da kansa. A wurinsa, duk wanda ya ga abin da harsashinsa ya yi wa jikin ɗan Adam, hannunsa ba ya sake miƙuwa ga nama. Baki na iya rantsuwar ƙarya, amma hannu ba ya iyawa.

Sajo ya durƙusa a bakin tabarma. Labo ya buɗe akushi ya tura masa, ya ce bismilla. Sajo ya kau da kai, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Labo ya sake turawa. Gumi ya keto wa yaron, ya ƙura wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jiki. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe akushin.

"Na gani," ya ce. "Allah shi yahe muna, ni da kai. Tashi ka tahi, kuma kar ka sake tsayawa garkata."

Sajo ya fita bai san laifinsa ba. Awa, da ke bayan zana tana saurare, ta san ma'aunin ubanta. Ta zaga ta tare shi kafin ya kai mota.

"Hwaɗa mini gaskiya, Sajo. Ka kashe mutum can?"

"Ni? Wa ya ce?"

"To mi ya hana ka cin naman?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya hana shi tafiya tsirara. "In ci abinci gaban ubanki? Ina neman ɗiyatai? Awa, ko yunwa za ta kashe ni, sai dai ta kashe ni."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Kunyar suruki ce kawai, wadda ko Bahaushe ya san ta, balle ɗan Fulani.

Inna Fatuma ta kai wa mijinta maganar. Ta tuna masa ranar da ya zo gidansu neman aurenta, aka ajiye masa fura har ta tsinke bai taɓa ba. Labo ya ce wannan daban, shi bai ba yaron ɗiya ba balle ya zama surukinsa, hujja ce kawai aka samo. Ya riga ya ga abin da ya gani. Shi irin mutanen nan ne da kunne ba ya gyara musu abin da ido ya ɓata.

To, Awa ɗiyarsa ce, ta san hanyar. Ta aika wa Sajo cewa ranar kasuwa ya zo da yunwarsa, ya jira ta a tukubar Chindo mai balangu, in ta daɗe ya ci abinsa. Da safiyar ranar ta nuna wa ubanta igiyar guga, ta ce ta kusa tsinkewa, kuma ai ba wanda ya iya zaɓen igiya kamarsa. Rumfar masu igiya kuwa tana kallon tukubar Chindo.

Labo na murza igiya yana gwada ƙarfinta, sai ya ɗaga kai. Ga Sajo can a kan benci, ya nannaɗe hannun riga, yana kai wa balangu hari ba ji ba gani. Mai na bin yatsunsa yana lashewa, yana ce wa Chindo ya ƙaro yaji, yana dariya da baki cike. Tsohon ya tsaya da igiya a hannu, har mai rumfa ya tambaye shi ko lafiya.

Ya tsallaka ya zauna a kan bencin. Sajo ya waiwaya, nama ya sarƙe shi, ya zabura zai gudu. Labo ya riƙe masa hannu.

"Zamna. Ba ci nac ce ka yi ba, magana za ka yi. Mi kunka yi can?"

Sajo ya ba shi labari, idonsa a ƙasa. Ya ce farin ƙyalle aka ɗaura wa motarsu, su bi ta tsakanin rundunonin biyu, hafsoshi su duba ko kowa ya koma inda aka ce ya koma. In wani ya ce wancan ya matso, sai su je su gani da ido, su dawo su faɗa masa, kafin zargi ya zama harbi. Ya ce akwai wani tafki da sojoji suka sa tsakiya, shanun makiyaya suka kasa isa gare shi har suna faɗuwa. Wani tsoho ya kawo kuka, shi Sajo ya yi tafinta, aka yi ta kai da komo tsakanin kwamandojin biyu har suka yarda, garke ya ratsa ta gaban bindigogi ya sha ruwa. Ya ce ya ga sababbin kaburbura ta kowane gefe, duk na yara ne sa'anninsa. Wata rana taya ta fashe musu a tsakiyar fili, ya durƙusa yana canzawa, bakin bindiga ta gabas, bakin bindiga ta yamma.

"Ka ji tsoro?"

"Ƙwarai, Baba. Sufana ma kasa riƙe ta niy yi."

"Kuma ba ka da komi a hannu."

"Sai ƙyallen."

Labo ya kalli hayaƙin tukuba. Can ya ce, "Mu can, ba wanda yaz zo da hwarin ƙyalle. Da an zo..." Bai ƙarasa ba. Ya share ido da bakin rawani, ya miƙa hannu cikin takardar naman, ya ɗauki yanka ɗaya. Ya ce bismillahi, ya kai baki, ya tauna a hankali. Wuƙar Chindo ta tsaya cak a kan katako.

"Yaji ya yi yawa," in ji Labo. Ya miƙe ya ɗauki igiyarsa. "Ka ce ma Jaje shi maido goronai."

An ɗaura auren bayan kaka, daidai lokacin da rediyo ya ce kotun duniya ta raba wa ƙasashen nan biyu filin, kowa ya karɓi rabonsa. Fulanin Alela suka zo da ƙwaryar nono, sojojin Ƙonni suka zo da motar nan mai ciwon zafi, wadda tun daga ranar ta warke sarai. Alkasum ma ya aiko da buhun albasa. Da za a fita da amarya, Labo ya dafa kanta ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, in kuma saɓani ya shiga tsakaninsu, Allah ya kawo mai farin ƙyalle da wuri. Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Har Labo ya tsufa tukuf, Sajo bai taɓa cin ko loma ɗaya a gabansa ba, shi kuma bai sake cewa ya ci ba. In sun zo gaisuwa, sai ya sa a cika akushin nan da nama, Awa ta kai wa mijinta can bayan ɗaki. Tsohon yakan zauna a zaure yana jira. Sai ta dawo da akushin, ya buɗe ya ga wayam, sannan ya ce alhamdu lillahi, ya jawo nasa.