Jitar Bahago Ta Ɓace A Jarwal

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis aka kira ofishin 'yan sanda, aka ce an yi sata a ƙofar wani masaukin baƙi a unguwar Jarwal ta Makka. Sufeto Abdulilah ya ajiye waya ya yi tsaki. Da azahar ya kamata ya tashi aiki, don ya yi wa 'yarsa Raghad alkawarin kai ta Jidda kallon ƙungiyar Garwashi, masu kiɗan jita na rok 'yan Agadas da ke zagaya ƙasar suna wasa a filin Allah.

Haifaffen Makka ne, amma kakansa Basakkwace ne, shi ya sa duk ƙarar da ta shafi masu jin Hausa kansa take faɗowa.

Yana isa ya ga wani dogon mutum zaune a bakin matakala, kansa da sabon askin Umra. Nan take ya gane shi. Abdulwadud ne, jagoran Garwashin. Ranar Juma'ar da ta wuce Sufeto da Raghad sun kalle shi a Ɗa'if.

"Me aka ɗauka?"

"Jitata, ranka ya daɗe. Mun bar ta a bas muka tafi Harami bayan asuba. Mun dawo babu ita."

"Ba za ka sayi wata a Jidda ba?"

"Ni bahago ne. Yayana marigayi ne ya juya mini ita da hannunsa don ta dace da hagu. Shekara goma sha tara ban taɓa hawa dandamali da wata ba. In ba ta fito ba, yau babu wasa."

Sufeto ya zagaya bas ɗin. Ba a fasa gilashi ba, ba a taɓa makulli ba. Ganguna da lasifika duk suna nan.

"Wa ke riƙe da mabuɗi?"

Wani mai ƙiba da waya biyu a hannu ya matso, ya ce shi ne Awwal, manajan ƙungiyar. "Ɗaya na wurina, ɗaya na wurin direba, Hafizu. Ni tare da su na yi ɗawafi."

"Akwai mai jin haushinku?"

"Mu? Wallahi babu. Direban ma kamar ɗan'uwa muka ɗauke shi. Kowane wasa sai na ba shi katin shiga."

Mai gadin masaukin, Mish'al, ya rantse bai ɗaga daga kujerarsa ba, bas kuma ba ta motsa ba. Sufeto ya sa aka buɗe masa kyamarar ƙofa. Ƙarfe bakwai saura kwata ga Mish'al nan ya miƙe ya nufi mai shayi. Bayan minti biyar bas ta fita. Ba ta dawo ba sai takwas saura.

"Ya shaikh, me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoron maigida na ji, kada ya kore ni."

"Ka cinye mini awa guda a kan kofin shayi!"

Wayarsa ta yi ƙara. Raghad ce, karo na uku. Ya ce mata ta bi gwaggonta Hanan su tafi, kada su jira shi. Ta kashe wayar ba ta amsa ba. Ya tsaya yana kallon wayar, sannan ya ce a kira masa direba.

Hafizu siriri ne, Badamagare, shekararsa tara yana tuƙi a Makka. Ya gaishe da Sufeto cikin ladabi.

"Ina ka kai bas da safe?"

"Shan mai, ranka ya daɗe, saboda tafiyar Jidda."

Sufeto ya karɓi mabuɗin ya kunna motar. Allurar mai tana ƙasa da kwata.

"Wannan ne man da ka sha?"

"Layi ya yi yawa, sai na juyo."

"Awa guda kana layi? Ɗayyib, shi ke nan." Ya kashe motar. "A ina kake aiki lokacin Hajji?"

"Mina. Ina jigilar katifu."

Sufeto ya jingina da ƙofar bas, ya sassauta murya kamar mai hira. "An ce kana shan kallo kyauta. Ka ga wasan Ɗa'if?"

"Na gani mana. Tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Da suka ɗauko ta huɗu, mai ganga ya yi ta zuba shi kaɗai, har ƙasa na rawa."

"Haka aka yi. To waƙar ƙarshe fa, a ina Abdulwadud ya tsaya?"

"A tsakiyar dandamali."

Sufeto ya dube shi. Shi Sufeto yana wurin a yammacin nan. Gajimare ne ya sauko kan dutsen da ake wasan ana dab da magariba, ya rufe dandamalin har ba a ganin makaɗan. Sai Abdulwadud ya diro ƙasa da jitarsa, ya kutsa cikin jama'a yana kaɗawa, mutane na dare masa hanya suna haska shi da fitilun waya. Babu wanda ya shiga filin nan da zai manta.

"Ba ka shiga ba, Hafizu. Ji kawai ka yi."

Ya juya ga manaja. "Kai kuma, ina katin da ka ce kana ba shi?"

Awwal ya shiga shafa wuya. "Wato... na Riyad wani abokina ne ya zo. Na Ɗa'if kuma surukina..."

"Na yau fa?"

Awwal ya kawar da kai, ya hau latsa waya.

"Ku duka maƙaryata ne," in ji Sufeto, ya buga tafin hannu a jikin bas. "Tun safe nake tambaya, ba wanda ya gaya mini gaskiya ko sau ɗaya! Hafizu, ina jitar?"

Hafizu ya zauna a ƙasa.

"Ni na roƙi kamfaninmu a ba ni wannan aikin. Shekara tara ban je gida ba, waƙoƙinsu nake saka wa a mota. Na kai su Riyad, aka ce in zauna gadin kaya. Na kai su Ɗa'if, haka. Ina bayan shinge ina jin mutane na ihu, ban san me suke gani ba. Jiya manaja ya ce mini na Jidda ma babu, gobe kuma za su tashi. Sai na ce to, tunda ba zan gani ba, kowa ma kada ya gani."

"Tana ina?"

"Mina. Ɗakin ajiyar katifu. Ban ko buɗe jakar ba."

Suka tafi da shi a motar 'yan sanda. Mina ba kowa, sai fararen tantuna jere cikin rana. Hafizu ya ɗaga katifu uku, ga baƙar jaka a ƙasa. Abdulwadud ya zuge ta, ya shafa wuyan jitar, sannan ya juya ga Sufeto.

"Ranka ya daɗe, na yafe masa. Ban san ana hana shi shiga ba. A sake shi ya zo ya kalla yau, a gaba zan zaunar da shi."

"An riga an shigar da ƙara, ya kuma amsa a gaban shaidu," in ji Sufeto. "Yafiyarka ka rubuta ta, zan haɗa da takardu in kai wa mai gabatar da ƙara. Gobe da jibi hutu ne a nan, kafin Lahadi ba mai duba ta. Ba a hannuna take ba."

Wani kofur da ya rako su ya fito da ankwa. Hafizu ya miƙa hannu da kansa, idonsa na kan Abdulwadud.

"Malam, da gaske ka sauko cikin mutane a Ɗa'if?"

"Na sauko."

"Har ina ka kai?"

"Har bakin shingen baya, wajen da ake ajiye motoci."

Hafizu ya rufe ido. "A nan nake. Na juya baya, ina zaune a cikin bas."

Kofur ya kama shi a kafaɗa, ya sa shi a mota, ya rufe ƙofa.