Ƙwan Auta

Wata yarinya ta dawo daga makaranta ranta a ɓace. Ta wurgar da jakarta a tsakar ɗaki. Shekararta goma sha ɗaya, kuma duk ajinsu ta fi kowa gajarta.

"Lafiya?" in ji Mama, tana neman makullin shagonta na ɗinki.

"An zaɓi 'yan ƙwallon kwando, an bar ni! Wata ma cewa ta yi gajeru ba sa samun aikin kirki in sun girma. Duk laifinku ne, ke da Baba! Me ya sa ba ku da tsawo?"

"Ke, iya bakinki," in ji Mama. "Na makara. Ga ƙwan Auta da madararsa nan. Ki ba shi da ƙarfe huɗu."

Auta ƙaninta ne, shekararsa ɗaya da rabi. Ya yi ciwon ciki ya rame, shi ya sa likita ya ce a riƙa ba shi ƙwai da madara kullum.

Da Mama ta fita, yarinyar ta zuba wa ƙwan ido. Ta tuna Malama ta ce ƙwai da madara suna gina jiki.

"Shi wa ke masa dariya?" ta ce a ranta. "Ni ce mai bukata."

Ta ɓare ƙwan ta cinye. Ta shanye madarar tas. Auta ya miƙo hannu yana kuka.

"Yi mini shiru!" Ta danƙa masa biskit ɗaya.

Haka ta yi washegari, da jibi, har sati biyar. Kullum sai ta jingina da ƙofa ta yi alamar tsawonta da fensir. Alamar ba ta motsa ba. Haushi ya ƙara cika ta.

Ranar awo, Mama ta tafi da su asibitin yara. Nas ta ɗora Auta a sikeli. Ta dubi katinsa, ta haɗe rai.

"Yaron nan raguwa ya yi. Kuna ba shi abin da aka ce?"

"Kullum!" in ji Mama da zafi. "Ni da hannuna nake dafawa. Ko dai sikelinku ne ya lalace?"

"Sikeli lafiyarsa lau. In aka ci gaba a haka, sai mun kwantar da shi."

Yarinyar ta juya wajen ƙaninta. Ta kalli hannun Auta, siriri kamar tsinke.

"Mama," ta ce a hankali, "ni nake cinyewa."

"Me kika ce?"

"So nake in yi tsawo."

Mama ta miƙe tsaye. "Ina can ina taka keken ɗinki har ƙafata ta kumbura, ke kina nan kina cinye abincin mara lafiya? Yana kuka a gabanki, kina haɗiya? Anya kina da tausayi?"

Mutanen da ke layi suka juyo. Yarinyar ta fashe da kuka.

Nas ma ba ta yi murmushi ba. "Zo nan, ki buɗe kunnenki. Yawancin tsawon mutum gado ne daga iyaye. Gajartarki ba cuta ba ce, kuma ba ki gama girma ba. Amma ƙaramin yaro irin wannan, in bai samu abinci mai kyau ba, tsumburewa yake yi. Zai riƙa yawan ciwo. Karatu ma zai iya ba shi wuya, abin ya bi shi har girma."

Da dare suna cin abinci, Mama ta faɗi abin da ya faru. Da Baba ya ji, ya ajiye cokalinsa.

"Babu wasa har wata guda," ya ce. "Kuma daga gobe a gaban maƙwabciyarmu za ki riƙa ba shi."

Kunya ta kama yarinyar, amma ta yi yadda aka ce. Takan marmasa ƙwan, ta lallaɓa Auta har ya cinye.

Bayan wata guda suka koma asibiti. Nas ta duba sikeli, ta sake dubawa.

"Madalla! Ya ƙaru sosai."

Yarinyar ta sunkuci Auta, ta yi nishi. "Kai, Auta, za ka karya mini baya!"

Mama ta yi dariya, ta dafa kan yarinyar.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa lafiya ta fi tsawo muhimmanci. Ta kuma gane cewa haushin da aka ba ta a waje bai ba ta damar cin haƙƙin ƙaninta ba.