Yarinyar da Ta Gudu Ta Bar Ganga

A unguwar Sharaɗa akwai wata yarinya 'yar aji biyar wadda hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ta ga bokiti, ta kaɗa. In ta ga jarka, ta kaɗa. Ko murfin tukunya bai tsira ba.

Gidansu yana bayan katangar wani kamfanin saƙar tabarmar roba. Tun tana goye take jin ƙarar injin saƙa: dum-taka, dum-taka, dum-taka-taka. Baƙi sukan ce ƙarar ta cika musu kunne. Ita kuwa da ƙarar take barci, da ita take tashi.

Mahaifiyarta Uwani tana sayar wa ma'aikata fura a ƙofar kamfanin. Kullum sai ta ɓoye ƙwaryar furarta, ta ce, "Ke dai wata rana sai kin fasa mini ƙwarya."

Yarinyar ta yi dariya, ta koma kan jarka.

Ana nan, Ranar Yara ta ƙarato. A ranar ne makarantu ke haɗuwa a babban fili su yi fareti. Makarantar su yarinyar tana da ganga guda ɗaya tak, kuma mai kaɗa ta, wani yaro Shu'aibu, ya gama ya tafi sakandare. Shu'aibu kuwa gwani ne. Kawunsa ɗan badujala ne a Bompai, shi ya koya masa.

Malam Zakariyya, malamin wasanni, ya gwada yara da dama. Wani ya daki gangar kamar yana korar ɓarawo. Wani ya shafa ta kamar yana tsoron kada ta farka.

Ran nan Malam yana wucewa ta bayan taga lokacin hutun tara, sai ya ji ana kaɗa tebur. Ya tsaya. Bai san lokacin da ƙafarsa ta fara bin kiɗan ba.

Ya leƙa. "Wa ke wannan kiɗan?"

Yarinyar ta ɓoye hannayenta cikin hijabi. "Malam, ku yi haƙuri. Ba zan ƙara ba."

"Za ki ƙara kuwa," in ji Malam. "Biyo ni fili."

Aka rataya mata ganga, aka ba ta sanduna. Ba ta ma samu damar jin tsoro ba. Ta kaɗa abin da ta saba ji. Dum-taka, dum-taka. Yara suka ɗaga ƙafa tare, suka sauke tare. Ƙawarta Atika ce a gaba, riƙe da tutar makaranta, tana tafe tana fasa ƙirji.

Da aka gama, fili ya ɗauki tafi. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi, mun samu makaɗiya!"

Suna hanyar gida wata 'yar ajinsu, Badi'a, ta tambaye ta, "Wai wa ya koya miki? Shu'aibu dai kawunsa ne."

Badi'a ba ta nufin komai. Tambaya ce kawai. Amma yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce inji ne? Ai sai a yi mata dariya.

Daga nan wata 'yar murya ta tare a cikin kanta. Irin muryar nan ce mai zuwa ba sallama. "Ke ba makaɗiya ba ce," in ji muryar. "Kwaikwayon inji kike yi. Yau sa'a kika ci. Gobe kowa zai gane."

Da gari ya waye aka koma atisaye. Yarinyar ta rataya ganga, amma hankalinta ba ya kan ganga. Tana ta duban fuskokin mutane. Ta ga Malam ya yamutsa fuska. Rana ce ta haske masa ido, amma ita ta ce, "Shi ke nan, ya gane." Ta ga Badi'a tana dariya. Wata akuya ce ta shigo fili tana cin igiyar tuta, amma ita ta ce, "Ni take yi wa."

Sai ta ce bari ta yi irin kiɗan Shu'aibu, mai yawan salo. Ta ƙara sauri. Ta rage. Ta sake ƙarawa.

To, ƙafar masu fareti kunne gare ta. Na gaba suka yi sauri, na tsakiya suka tsaya, na baya suka afka musu. Wani ya taka takalmin wani. Atika ta yi tuntuɓe ta faɗi, gwiwarta ta kurje, tuta ta kwanta a ƙasa.

Yarinyar ta ga jini a gwiwar ƙawarta. Ta cire ganga, ta zubar da sanduna, ta ruga gida ba ta waiwaya ba.

Washegari ta ce wa mahaifiyarta kanta yana ciwo. Uwani ta taɓa goshinta, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta dai lura yau jarka ta huta, bokiti ma ya huta.

Da la'asar sai ga Atika ta shigo tana ɗingishi.

"Sannu, Umma," ta gaida Uwani. Sannan ta juya ga ƙawarta. "Ke, ina kika shiga? Malam ya ce in babu mai kiɗa, za a cire makarantarmu daga fareti."

"Ki yi haƙuri da gwiwarki," in ji yarinyar, kanta a ƙasa.

"Wa ya yi miki maganar gwiwa? Gwiwa ai warkewa za ta yi. Ni tutata nake so. Babana har ya nemi a canza masa ranar aiki don ya zo ya gan ni." Atika ta dube ta. "Yanzu me zan ce masa?"

Yarinyar ta ji kamar ta nutse. Faɗuwar Atika kuskure ne. Amma gudun nan da ta yi, ita ta zaɓa.

Bayan Atika ta tafi, Uwani ta zuba gero a turmi. Ta ɗauko taɓarya biyu.

"Mai ciwon kai, taso ki taya ni lugude."

Lugude shi ne mutum biyu su yi daka a turmi ɗaya. Wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Yarinyar ta iya shi tun tuni. Amma yau suna farawa, ƙwas! taɓare suka haɗu. Suka sake. Ƙwas! Gero ya tarwatse, kaji suka rugo da murna.

Uwani ta tsaya. "Ina kika tafi?"

"Ga ni nan, Umma."

"A'a. Jikinki ne a nan. Ke kina can makaranta."

Sai hawaye suka zubo. Yarinyar ta faɗa mata komai, har da 'yar muryar nan. "Umma, ni ban iya ba. Babu wanda ya koya mini. Injin kamfani kawai nake kwaikwayo."

Uwani ta yi dariya har ta dafa turmi. "Oh ni Uwani! Ashe injin ne ya sa hijabi ya je makaranta ya kaɗa ganga?"

Yarinyar ta yi murmushi cikin hawaye. "A'a."

"Mutum nawa ne ke jin ƙarar nan a unguwar nan? Ni da nake jin ta tun kafin a haife ki, na iya kiɗa? Kunnenki ne ya ɗauka, hannunki ya koya. Wannan ai shi ne iyawa."

"To muryar fa, Umma? Ba ta yin shiru."

"Na san ta sarai," in ji Uwani. "Ranar da na fara kai fura ƙofar kamfani ta raka ni. Ta ce, ke wa zai sha furarki ga gwanaye a zaune? Har yau takan leƙo. Zo ki gani."

Ta ja ta zuwa ƙofar gida. A kan titi 'yan adaidaita sahu suna ta wucewa. Kowanne ya danna hon, ya ce, "Hajiya, tafiya ne?"

"Duk wanda ya yi miki hon, shiga kike yi?"

"A'a mana."

"To haka tunani yake. Zai zo, zai yi hon. Ba sai kin yi faɗa da shi ba, ba sai kin shiga ba. Ki ce kin gan shi, ki bar shi ya wuce."

Suka koma gindin turmi.

"Cire takalmi," in ji Uwani. "Ji ƙasa a tafin ƙafarki. Da ɗumi ko da sanyi?"

"Da ɗumi."

"Yauwa. Yanzu ja numfashi a hankali. Bi shi har ciki. Sake shi. Kada ki yi gaggawa, ba wanda ke korar ki."

Yarinyar ta ja, ta saki. Ta ja, ta saki. Ƙirjinta ya fara lafawa.

"Riƙe taɓarya. Ji nauyinta. Yi bismilla. Kada ki dubi fuskata, ki saurari turmi."

Suka fara. Dum, dum, dum, dum. Can muryar ta leƙo: "Za ki sake ɓatawa." Yarinyar ta ce a ranta, "Na gan ki." Ta mai da kunnenta ga turmi. Taɓare ba su haɗu ba. Uwani ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe. Yarinyar ma ta yi. Suka fashe da dariya, daka bai tsaya ba. Daga bayan katanga injin yana amsa musu.

"Wannan shi ne natsuwa," in ji Uwani. "Inda ƙafarki take, nan hankalinki zai zauna. In ya gudu, ki kamo shi a hankali, ba duka."

Da safe yarinyar ta riga kowa zuwa makaranta. Ta samu Malam Zakariyya, ta durƙusa.

"Malam, ku gafarce ni. Na gudu na bar ku. Tsoro na ji kada a gane ban iya ba."

Malam ya dube ta. "Ni na zaɓe ki, kuma ba da ido rufe ba. Kina nufin kunnena ya lalace?"

"A'a, Malam."

"To kuskuren kiɗa ba komai ba ne. Shu'aibu ma ya sha yi. Gudun ne laifi. Za ki share filin atisaye har ranar fareti. Ɗauko gangarki."

Ta share fili da farin ciki. Kullum kafin ta ɗaga sanda, sai ta tsaya ta ji ƙasa, ta ja numfashi. Wata rana ta ɓata kiɗa. Ta tsaya, ta numfasa, ta sake farawa. Ba wanda ya faɗi, sama ma ba ta faɗo ba.

Ranar Yara ta zo. Fili ya cika maƙil. Ga makarantu daga Challawa, ga na Dakata, ga na Bompai. Wasu da ƙaho masu walƙiya, wasu da ganguna jere. Su kuwa ganga ɗaya ce, ita ma da faci a gefe.

Yarinyar ta hango Shu'aibu cikin 'yan kallo. Nan take muryar ta iso da gudu: "Ga gwanin nan ya zo. Yau asirinki zai tonu."

Aka kira sunan makarantarsu. Atika ta waiwayo, ta dube ta.

Yarinyar ta matse yatsun ƙafarta cikin takalmi har ta ji ƙasa. Ta ja numfashi, ta bi shi har ciki. Ta ji igiyar ganga a kafaɗarta. Ta ji sanda a tafin hannunta.

"Na gan ki," ta ce wa muryar. "Yau ba tafiya."

Ta yi bismilla, ta sauke sanda.

Dum-taka, dum-taka, dum-taka-taka.

Ƙafafu suka tashi tare, suka sauka tare. Tuta ta miƙe. Can cikin taro wasu ma'aikatan kamfani suka ɗaga kai. Ɗaya ya yi ihu, "Kai! Wannan ai injinmu ne!" Suka kama tafi suna bin kiɗan. Baban Atika yana tsakiyarsu, yana nuna 'yarsa yana cewa, "Tawa ce! Mai tutar nan tawa ce!" Uwani kuwa ta ajiye ƙwaryar fura ta rangaɗa guɗa.

Makarantarsu ce ta zo ta biyu. Masu ƙaho ne suka zo na ɗaya. Amma in ka ga yadda Atika ta rungume ƙawarta, sai ka rantse su suka cinye duka.

Ana cikin murna Shu'aibu ya kutso. "Ke, wannan kiɗan ban taɓa jin irinsa ba. Wa ya koya miki?"

Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Injin tabarma," ta ce, "da turmin Ummata."

Shu'aibu ya sosa ƙeya. "To don Allah, ni ma za ki koya mini?"

"Sai ka iya lugude tukuna," in ji ta. Kowa ya kwashe da dariya.

Yara, in aka zaɓe ku don wani abin kirki, kada ku ce sa'a ce kawai. Ba duk abin da tsoro ya faɗa muku ne gaskiya ba. In shakka ta zo, kada ku gudu. Ku tsaya, ku ji ƙasa, ku ja numfashi, ku mai da hankali kan abin da ke hannunku.

Ita dai yarinyar har yau tana kaɗa jarka. Uwani kuma ta daina ɓoye ƙwarya.